'Yan Matan Inna a Ƙarƙashin Baƙar Tawada

Shekarun baya, can cikin shekarun tamanin, lokacin ina aikin jinya a wani asibiti a Riyadh, na taɓa yin kwana goma sha tara ban ce wa maigidana ko ci kanka ba, a kan wasu mata kusan arba'in. Kafin wata ta gyara zama ta ce yau za a sha labarin kishi, to ki koma yadda kike. Matan na takarda ne.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tela ce a Jos. Tun kafin a haife ni take yi wa matan Turawan kuza ɗinki, kuma duk wadda za ta koma ƙasarsu sai ta bar mata tarkace. A cikin tarkacen nan ne ta riƙa samun tsofaffin kalandu masu zanen mata. Ba hoton kyamara ba ne, zane ne na fenti. Kowace da jan baki raɗau, gashi a nannaɗe yana sheƙi, gira kamar da zare aka ja ta, ƙugu ɗan siriri, ga takalmi mai tsini. Abin da ya fi ba ni dariya tun ina ƙarama shi ne, kullum a cikin wata 'yar matsala suke. Wannan iska ta ɗaga mata siket, waccan ɗan karenta ya naɗe mata ƙafa da igiya, wata kuma ta hau tsani ta juyo ta zaro ido ta ɗora yatsu a baki, kamar ita ma ba ta san yadda aka yi ta hau ba.

Inna ta yanke su ɗaya bayan ɗaya ta manna a wani babban littafi mai baƙin bango, tana kiran su 'yan matana. Idan ta kama ni ina ƙyalƙyala dariya a kansu sai ta ce, "Ke ƙafa kike kallo, ni tattara nake kallo. Namiji ne ya zana su, shi ya sa kullum iska ke kaɗawa. Amma wadda ta ɗinka rigar da ya kalla ta san aikinta." Daga jikinsu take ɗauko yankan wuya da zaman ƙugu, ta ƙara wa riga hannu da tsawo, ta fitar da ita a atamfa, matan unguwa su yi ta rububi. Duk abin da take so ta tuna kuma, awon wata ne ko wata dabarar yanka, sai ta rubuta da fensir cikin ajami a kan hannayen matan da ƙafafunsu, don fatarsu ce kaɗai farin wurin da fensir ke fitowa.

Ina shekara ta uku a Riyadh Inna ta rasu. Kafin a ba ni hutu mu samu jirgi, har an yi sadakar bakwai. Da mutane suka ragu, yayata ta ja ni ɗaki ta ɗora min littafin a cinya ta ce, "Ta ce a ba ki. Shafin ƙarshe naki ne, rigar da za ta ɗinka miki ce in kin zo hutu."

Na buɗe. Wata ce cikin koriyar riga, tana zaune a kan akwatin tafiya, ta ɗaga hannu ɗaya kamar mai tsayar da mota, ga rubutun Inna ya biyo hannun tun daga kafaɗa. Ajamina dama na lallaɓawa ne, sai na bi baƙi-baƙi, ga hawaye ya cika min ido. Na rufe na ce sai na koma Riyadh na natsu, in karanta abina ni kaɗai.

To, a nan maigidana ya shigo labarin. Injiniya ne a wani kamfanin ruwa, mutumin kirki, amma Allah bai halicci mai gudun magana kamarsa ba. Iƙamarsa, wato takardar izinin zama, kwafi uku yake yawo da su, ɗaya a aljihu, ɗaya a mota, ɗaya a cikin safa idan za mu yi nisa. A wancan zamanin kuma, duk mujallar da ta shigo Saudiyya sai an bi ta shafi-shafi da baƙin alƙalami mai kauri, wanda ake kira maka, an shafe duk inda fatar mace ta fito. Har kwalin sabulu ba a bari. Wadda ta yi yawa kuwa ƙwacewa ake yi, wani lokaci a tsare mai ita a yi masa tambayoyi.

Yana ganin littafin a kan akwatina ya ɗaga shafi biyu, ya rufe da sauri kamar ya taɓa garwashi.

"Sista," haka yake kira na, "wannan littafin ba zai shiga jirgi ba."

Na ce, "Littafin ɗinki ne, Injiniya."

"Ni na san na ɗinki ne. Shi mai binciken kaya a can ya san Inna? Mace a kan tsani kawai zai gani. A kira kafil ɗina, wanda ya tsaya min na shigo ƙasar, a ce ga abin da matar ma'aikacinka ta shigo da shi, in ce masa tattara muke kallo?"

Na ce masa ko a kaina zan ɗaura shi sai ya tafi, don abin da ya rage min na uwata ke nan. Ya ce to. Da na san halin mutumin da nake aure yadda nake taƙama na sani, da wannan to ɗin ya tayar min da hankali.

Ranar tafiya na fita da safe yin sallama da dangi, na bar shi yana ɗaure kaya. Da na dawo na ga yatsunsa baƙi ƙirin, ya ce man kwaɗon akwati ne. Ban kawo komai a raina ba. A filin jirgin Riyadh kuwa gumi ya riƙa keto masa har rigarsa ta manne. Mai binciken ya zuge jaka ta farko, warin daddawa ya buge shi, ya toshe hanci, ya zana wa akwatunanmu alli gaba ɗaya, ya ce, "Yalla, yalla." Akwatin da littafin ke ciki ko taɓa shi bai yi ba.

Washegari da hantsi, bayan ya tafi aiki, na share falonmu na unguwar Ulaisha, na haɗa shayi, na zauna na yi bismilla na buɗe littafin.

Jama'a, ya sa musu kaya. Dukansu. Daga haɓa har yatsun ƙafa ya bi su da maka ya shafe, har safar hannu ya yi musu. Kuma da yake injiniya ne, da rula ya yi aikin, kowace ta koma dogon baƙin akwati mai kusurwa huɗu da kai a sama. Ba wuya, ba ƙugu, ba tattara, ba rubutun Inna ko ɗigo. Sai fuskoki kawai, da jan bakinsu da zararrun idanunsu, a karo na farko sun samu dalilin mamaki na gaskiya.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na zaga falon ya fi sau ashirin, shayin ya huce a inda yake. Yana turo ƙofa da azahar na tare shi da littafin a buɗe.

"Mene ne wannan?"

Ko a jikinsa. Ya ajiye jaka ya ce, "Taimakon ki na yi. Da sun ƙwace fa? Yanzu ga shi a hannunki."

"Ko buɗewa ba su yi ba!"

"To ai Allah ne ya duba niyyata."

"Rubutun uwata ka shafe, Injiniya. Rubutun hannunta."

"A inda ta yi rubutun ne matsalar, Sista. Da a gefe ta yi, wallahi da ban taɓa ba."

Wato har Inna ce mai laifi, tana kabarinta. Na kalle shi na ga da gaske yake, jira ma yake a yi masa godiya. Sai na ji idan na buɗe baki abin da zai fito ba zai mayu ba, na rufe littafin na shige ɗaki. Daga ranar na ɗauke masa wuta. Ina dafa abinci in dire masa, ina wanke kayansa in goge, amma ko sannu ba ta haɗa mu. Idan ya yi sallama can ciki nake amsawa, don ita wajibi ce. Shi kuma ya koma sayo min kaya yana ajiyewa a bakin gado, yau turare daga kasuwar Batha, gobe yadi, jibi wata mujallar ɗinki wadda ita ma an riga an shafe ta. Wannan mujallar ta ƙara masa kwana biyar.

A kwana na tara ne wayona ya motsa. Na ce ni ma'aikaciyar jinya ce, kullum da sifirit muke goge tawadar maka daga jikin allo da kwalabe. Me zai hana? Na zubo kaɗan a 'yar kwalba na taho da shi gida da dunƙulen auduga. Mai hankali da sai ta gwada a kan mai ɗan kare, ko mai tsani, ko kowace daga cikin matan nan kusan arba'in. Ni kuwa sai na wuce kai tsaye shafin ƙarshe, don shi ne ke cin raina.

Shafar farko, baƙin ya narke ya zama shuɗi-shuɗi, na ce alhamdulillahi. Ta biyu, sai ya bazu ya haura fuskar matar. Na rikice na ƙara sifirit, na ƙara goga. Koren rigar ya biyo audugar, takardar ta jiƙe ta fara saɓulewa, ni kuma maimakon in tsaya sai na ƙara ƙarfi, kamar mai wanke tukunyar da ta kama. Da na ɗaga hannuna, inda hannun matar yake ya zama rami, ina hango baƙin bangon littafin ta ciki. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ko a ranar da aka gaya min rasuwar. Da na share hawaye kuma, wannan ma a kansa na ɗora. Ai da bai shafa ba da ban goge ba.

Gidan da muke haya bene ne, mu a sama, masu gidan a ƙasa. Uwargidan wata dattijuwar Balarabiya ce mai hawan jini, nakan sauka in auna ta duk bayan kwana biyu, ina kiran ta Khala, wato 'yar'uwar uwa. A kwana na goma sha tara na sauka bayan la'asar, na tarar 'ya'yanta mata uku sun zo wuni. Mutanen da a waje ido kawai kake gani, ga su nan sun rataye abayoyi a ƙusa, wannan da jar riga mai tsukakken ƙugu, waccan ta nannaɗe gashi ta sha jan baki, ƙamshi kamar ka shiga shagon turare. Sai na ga kamar 'yan matan Inna ne suka sauko daga takarda suna shan gahawa, abin ya taso min sabo.

Ina naɗa mata abin awo a hannu ta kafa min ido ta ce, "Ya binti, 'yata, jinin wa ya kamata a auna yau, nawa ko naki? Kwana nawa ba na jin dariyarki ta saman nan."

Da guntun Larabcina na asibiti na kwashe labarin na gaya mata. Ta ce in je in ɗauko littafin. Tana buɗe shafin farko ta fashe da dariya har da tari, 'ya'yan suka taso suka leƙa, su ma suka kama ciki. Babbar ta ce, "Da rula! Wallahi ko masu aikin ba sa yi da kyau haka. A ba shi aiki a filin jirgi!"

Ni dai ban ga abin dariya ba. Khala ta share ido, ta dafa ni ta miƙe, ta ja ni tsakar gida inda rana ke dukan bango. Ta ɗaga littafin daidai fuskarta, ta karkata shi kaɗan, ta ƙara karkatawa, sannan ta ce, "Shufi. Duba."

Na duba. Baƙin nan ya yi wani ja-ja a cikin rana, sai ga mai tsani a ƙarƙashinsa, ga wuyan rigarta, ga tattarar siket ɗin ɗaya bayan ɗaya. A kan hannunta kuma ga fensirin Inna yana ƙyalli kamar azurfa, kowane baƙi raɗau, ya ma fi yadda yake a da fitowa.

Ta ce, "Shekara nawa muna karanta mujallunmu haka? Kina tsammani rigunan nan da yaran nan suka sa daga ina tela ya gano su? Su shafa, mu fito rana. Duk macen garin nan ta san wannan."

Ni ce dai ban sani ba. Shekara uku ina garin, daga asibiti sai gida, ban taɓa tambayar kowa komai ba, don a ganina ni ce mai ilimi a unguwar. Muka yi ta buɗe shafuka, 'ya'yan suna ihu suna cewa a tsaya su zana wannan wuyan, ni ina karanto rubutun Inna a hankali, awon matan unguwarmu da na manta da su, har da inda ta rubuta cewa wance ba ta son a faɗa mata ta ƙara ƙiba. Ina dariya ina hawaye, har muka zo shafin ƙarshe.

Khala ta karkata shi dama, ta karkata hagu. Rana ta ratso ta ramin ta sauka a tafin hannunta.

"Wannan kuma wa ya yi?"

Na ce, "Ni."

Ta rufe littafin a hankali ta miƙo min da hannu biyu.

Na hau sama na tarar ya dawo, yana cin shinkafar da na dire masa. Na ajiye littafin a gabansa, na yi masa maganar farko cikin kwana goma sha tara. Na ce, "Ana gani a rana. Duka ana gani, ban da nawa. Shi na kashe shi da hannuna."

Ya ɗago a tsorace, bai san ko faɗan ne ya dawo ba. Ya buɗe ya ga ramin, ya ce, "Mai koriyar riga a kan akwati? Ai wannan awo ne kawai."

Na ce, "Ka karanta ne?"

"Duka na karanta kafin in shafa. Haka kawai zan bi rubutun ajami da tawada ban duba ko da sunan Allah a ciki ba?"

Na ja kujera na zauna. "Me ta rubuta?"

Ya ɗan kalli sama, cokali a hannu, kamar mai tuno lambar mota. "Kafaɗa kaza, tsawo kaza, ƙugu kaza. Sai a ƙasa ta ce, a bar wuri a ƙugun, yarinyar nan ba ta cin abinci a can, na gani a hoto. In ta zo zan ciyar da ita ta cika shi." Ya mayar da cokalin baki. "Shi ke nan fa. Na ce miki awo ne."

Na kifa kai a teburin. Shi kuma ya rasa abin yi, sai ya turo min farantin shinkafarsa ya ce in ci. Wallahi a lokacin ban san ko in rungume shi ko in kwaɗa masa littafin a ka ba. Na dai ci shinkafar.

Yanzu idan na waiwaya, ba na wanke shi, kuma ba zan wanke shi ba. Mutum ya ɗauki rula ya shafe maka gadon uwarka, sannan ya tsaya jiran godiya! Amma gaskiya ɗaya ce, ɓarnarsa rana ta gyara ta cikin minti ɗaya, tawa kuwa babu mai gyarawa. Shi tsoro ne ya sa shi, ni fushi da ganin na iya. Kwana goma sha tara ina kwana ɗaki ɗaya da mutumin da ke ɗauke da maganar Inna ta ƙarshe a kansa, ga kuma mace a ƙasan benena da ta san dabarar, amma na zaɓi auduga da sifirit a kan in buɗe baki. Tun daga lokacin, duk takardar da aka ba ni a take nake karanta ta, ko da kuka nake.

Littafin yana nan. Mun daɗe da dawowa gida, kuma wani lokaci nakan fito da shi tsakar gida in karkata shi, 'ya'yana mata su taru suna mamakin wai kakarsu ce ta tara waɗannan masu jan bakin. Ƙugun nawa kuwa ya cika, har ya wuce duk wurin da za ta iya bari.

Abin da ke ƙona min rai har yau shi ne, lambobin canjawa suke yi a bakinsa. Bara kafaɗata sha huɗu ce, bana ta koma sha biyar. Maganar ƙarshen ce kawai bai taɓa canja ko kalma ɗaya ba. Ko a makon jiya da na ce ya faɗa min, sai da ya sauke tabarau ya ce, "Haba Sista, sau nawa zan maimaita miki abu ɗaya?"

Na ce, "Har ranar da ɗayanmu zai bar duniya, Injiniya. Kai ka shafe, kai za ka riƙa karanta min."

Ya yi ajiyar zuciya, ya kalli sama, ya fara daga kafaɗa.